Motar marayu da kayan injin da aka ce 'yan Beljiyam ne

Yayana ya rasu a ƙarshen daminar 2021. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar da gida a Gombe, da kuma mota Golf 3 wagon wadda ya daɗe yana haya da ita tsakanin Gombe da Bauchi. Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya tambaya ko za a yi wa motar kuɗi a sayar. Adda, matar marigayin, ta roƙi a bar ta. Hujjarta ita ce kuɗi a hannu narkewa suke yi, mota kuwa kullum tana shigo da na cefane. Dangi suka amince, aka ɗora mini kula da ita, ni da nake koyarwa a makarantar firamare. Muka samu direba mai riƙon amana, ɗan unguwarmu, yana kawo balas duk yamma, ni kuma ina rubutawa a littafi ina miƙa wa Adda.

Motar ƙirar 1996 ce, sa'ar jihar Gombe ke nan, don a shekarar aka cire mu daga tsohuwar jihar Bauchi. Yaya ya riƙe ta da kyau. Ba ya wasa da juyen baƙin mai, ba ya barin kowa ya taɓa masa injin sai bakaniken da ya yarda da shi. Shekara biyu bayan rasuwarsa ba ta nemi komai ba sai taya da burki da 'yan ƙananan gyare-gyare. Da balas ɗinta aka biya kuɗin makarantar yara, da shi aka sayi hatsi, da shi aka gyara katangar da ruwa ya kayar.

A watan azumin 2024, tsakiyar zafin Maris, motar ta ɗauki zafi a hanya, tsakanin Bara da Alkaleri. A gefen top, wato kan injin Golf da ke rufe silindoji, akwai wata mahaɗar ruwa ta roba wadda tiyo ke shiga, in ta tsufa tsagewa take yi. Ita ce ta tsage, ruwa ya tsiyaye. Direba yana da fasinja masu azumi a cikin mota, rana tana dukan su, sai ya lallaɓa ya ƙarasa gari. Kafin ya isa gaskit ɗin da ke tsakanin top da gangar injin ya ƙone. Top ɗin na alminiyom ne, gangar injin kuma ta ƙarfe ce, in zafi ya wuce ƙa'ida top ne ke fara lanƙwasa. Namu an taɓa kai shi wajen masu tona, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, an share fuskarsa tun Yaya yana raye, saboda haka babu sauran abin da za a ƙara sharewa. Bakanike ya ce sai dai a sayi wani.

Sabon top na motar da aka daina ƙerawa tun kafin shekarar 2000 ba abu ne da za ka shiga shago a Gombe ka ɗauko ba. Abin da kowa ke saye shi ne na hannu da ake shigowa da shi daga waje, wanda ake kira ɗan Beljiyam. Na tafi da bakaniken, na kuma ɗauki wani abokin Yaya, tsohon direba, don ido ya yi yawa. Mai shagon ya fito mana da top fes, an wanke shi da fetur har yana ƙyalli. Ya ce, "Malam, wannan daga kwantena aka sauke shi, ko kwalta ɗin Najeriya bai taɓa gani ba." Bakanike ya juya shi, ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ya ga ba lanƙwasa, ya zuba fetur a ramukan bawul ya ga ba ya zuba. Abokin Yaya ya duba ya gyaɗa kai. Na faɗa wa mai shagon cewa kuɗin marayu ne, ya ce ai ko don haka ba zai cuce mu ba. Ya ba mu garantin mako guda, da baki.

Duk abin da ake cewa mai saye ya yi, mun yi. Ina so a riƙe wannan, domin in irin haka ta samu mutum, abin da ya fi saurin fitowa daga bakin jama'a shi ne ai bai duba ba ne.

Aka ɗaura top, motar ta tashi lafiya. A makon garantin direba bai yi nisa da ita ba, yana ɗan zagayawa Kumo da cikin gari kamar yadda bakanike ya umarta. Ba ta nuna komai ba. Sai hidimar sallah ta zo, fasinja suka yi yawa, aka koma hanyar Bauchi, kusan kilomita 150 zuwa, wani kusan 150 dawowa, da cikakken lodi, cikin zafin Afrilu. Direba ya fara lura ruwa yana raguwa kaɗan-kaɗan, amma ba ya ganin inda yake ɗiga. Aka canza murfin tankin ruwa, aka ɗaure tiyo. Da safe in ya tayar da ita sai farin hayaƙi ya fito ta salansa na ɗan lokaci ya ɗauke. Ranar da ya zaro sandar gwada baƙin mai ya ga man ya koma kalar shayi mai madara, ya kira ni muryarsa tana rawa. Kafin a kai ta gareji injin ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa.

Abin da ya faru shi ne top ɗin yana da tsaga siririya a ciki, daga mazaunin bawul zuwa hanyar ruwa. In ƙarfen yana da sanyi tsagar a rufe take, ido ba ya ganinta, fetur ma ba ya bi ta ciki. Sai injin ya yi zafi sosai ya daɗe a haka take buɗewa. Ruwa ya riƙa shiga silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai. Mai da ya gauraya da ruwa ba ya iya riƙe tsakanin karanshaf, wato sandar da ke juyawa a ƙasan injin, da metal ɗin da yake kwance a kai, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Wato mun shiga kasuwa da matsalar top kaɗai, muka fito da top matacce da metal da suka cinye da karanshaf da ya karce. Kayan hannu mara kyau ba shi kaɗai yake mutuwa ba, yana tafiya da lafiyayyun da ya tarar. Wannan shi ne abin da ban taɓa jin wani ya faɗa mini ba kafin ranar, kuma shi ne ya fi kowace asara girma.

Na koma shagon. Mai shagon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kai ka gani da idonka, bakanikenka ya gani, mako kuma ya wuce. Ni ma haka na saye shi." Na yarda a tsibi yake saye, ba ya buɗe kowanne. Amma daga baya, da aka kankare cikin top ɗin, an ga tabon walda da aka goge ya yi sumul. Ke nan wani, a wani wuri cikin jerin hannayen da kayan ya bi, ya san da tsagar, ya rufe ta, ya tura gaba. Garantin mako guda kuma ya fi guntu a kan lokacin da irin wannan ciwo ke ɗauka kafin ya bayyana. Ban ɗauki hakan a matsayin katari ba. Masu sana'ar sun fi mu sanin kwana nawa aibi ke yi a ɓoye.

Muka kai magana gaban shugabannin 'yan kasuwar. Wani dattijo a cikinsu ya kawo hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ya tuna wa mai shagon cewa a shari'a mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in aibin da ya riga ciniki ya bayyana, ko da mai sayarwa bai san da shi ba. Aka yi sulhu, aka dawo mana da rabin kuɗin top ɗin. Na gode wa dattijon har yau. Sai dai rabin kuɗin top ba ya gyara karanshaf, ba ya kuma mayar da balas ɗin makonnin da mota ta yi a kwance.

A nan ne shawara ta kasu biyu. Wasu suka ce a gyara injin namu. Wasu, kuma su suka fi yawa, suka ce injin da aka buɗe ya gama yawo, gara a sayi cikakken injin ɗan Beljiyam a ɗora a huta. Wannan magana tana da tushe, don a da haka abin yake. Shekarun baya in ka sayi injin da aka sauke daga Turai, sau da yawa ya fi wanda ke cikin motarka lafiya nesa ba kusa ba. Adda ta ce, "Baffan yara, abin da ka ga ya fi alheri shi za a yi." Ta sayar da tumakinta, ni kuma na karɓi kwasar adashinmu na malamai kafin lokacina. Wani dillali da aka haɗa mu da shi ya turo mana bidiyo ta WhatsApp, ga injin a ƙasa an haɗa masa batir yana aiki, ba hayaƙi ba ƙara. Muka tura kuɗi, aka ɗoro shi a babbar mota daga kudu.

Injin ya iso an yi masa fenti, an naɗe shi da leda. Da aka ɗora, abu na farko da direba ya ce shi ne motar ba ta ja kamar da. In ta ɗauki lodi ta zo hawa sai ya sauko giya inda a da ba ya saukowa. Sai a lokacin wani rewaya ya goge gefen gangar ya karanta mana haruffan da aka buga a jiki. Injin Golf 3 mai lamba 1.8 ba iri ɗaya ba ne. Namu ADZ ne, mai ƙarfin doki 90. Wanda aka turo mana AAM ne, mai 75. A ido kusan ba ka bambanta su, suna zama a mazauni ɗaya, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma birenbos ɗin motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, an saita shi ne don na farkon. Dillalin ya ce ai 1.8 muka ce, 1.8 ya turo.

Da a nan abin ya tsaya da mun haƙura. Amma ba a jima ba, bayan juyen mai na farko, shuɗin hayaƙi ya fara biyo motar, fulogi suna jiƙewa da mai, kullum sai an ƙara baƙin mai kafin a fita. Wani man mai kauri aka zuba masa kafin a ɗauki bidiyon, shi ya toshe hayaƙin na ɗan lokaci. A tsakanin nan kuma aka tsare direba a wani shingen bincike saboda lambar injin ba ta yi daidai da ta takardun mota ba, rasit ɗin da dillali ya haɗo mana kuwa guntuwar takarda ce ba adireshi ba lambar injin. Ban ga laifin masu binciken ba, domin ana satar motoci a yanka su a sayar da kayansu, kuma wanda aka samu da injin sata a hannunsa shi zai yi bayani. Sai da na je da kaina da takardun gado da shaidar tura kuɗi kafin a sake ta. A daren nan na yi tunanin yadda zan tsaya gaban Allah da dukiyar marayu a wuyana tana zubewa, ban runtsa ba.

Abokin Yaya ne ya kai ni wajen wani tsohon bakanike da kowa ke kira Baba. Ya koyi aiki a Bauchi tun zamanin da kamfanin Steyr ke haɗa manyan motoci da taraktoci a garin, lokacin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta cika hanyoyinmu. Bai ce komai ba sai da ya sa yaransa suka sauke injin suka kwance shi a gabana. Ya nuna mini kan notuna, duk sun cinye saboda yawan sifana. Ya nuna mini jan gam da aka shafa a bakin kwanon mai a madadin gaskit. Ya sa tsinke a lungun da wanki bai kai ba ya fito da jar ƙasa. Sannan ya kwance mahaɗar da ke ƙasan famfon ruwa, ya ce in leƙa. Babu tamostat a ciki, wato abin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗumama.

Ya ce, "Ɗana, Bature ba ya cire wannan, don ƙasarsu sanyi gare ta, in babu shi motarsa ba za ta ɗumama ba. Mu ne nan muke cire shi mu haɗa fanka kai tsaye. Wannan injin ya yi haya a ƙasar nan har ya gaji, aka wanke shi aka yi masa fenti."

Na zauna a kan benci na kasa magana. Baba ya ci gaba da yi mini bayanin da ya zauna mini a kai har yau. Injin da aka cire daga mota ba ya zuwa da agogon da ke nuna tafiyar da ya yi, agogon yana can jikin motar da aka yanka. Ba ya zuwa da labarin sau nawa ya ɗauki zafi, ko wata nawa ya yi a filin 'yan gwangwan ruwan sama yana shiga ta ramin fulogi. Ko na Turan na gaskiya ne, mafi ƙuruciya a cikin injinan Golf 3 ya haura shekara 25. A 2009 kuma gwamnatin Jamus ta riƙa ba mutane Yuro 2,500 su miƙa tsofaffin motocinsu a murƙushe su sayi sabbi, motoci kusan miliyan biyu suka tafi a haka, kuma irin su Golf 3 ne tsofaffin wancan lokacin. Rijiyar da ake ɗibowa tana ƙafewa, mu kuma masu nema a nan ba mu ragu ba.

Sai ga faɗuwar Naira a kai. A watan Mayun 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai shigo da kwantena da dala yake saye, da dala ake lissafa masa kuɗin fito. Kayan da ya sauka Legas, ya bi ta manyan kasuwanni irin su Ladipo, ya hauro Kofar Ruwa a Kano ko ya biyo ta Jos kafin ya iso Gombe, kowane hannu sai ya ɗora ribarsa. Direban da cire tallafin mai ya riga ya tsotse ba zai iya biyan kuɗin na ainihi ba, yana neman mai sauƙi. Wannan giɓin ne masu wanki da fenti suka cike. Akwai 'yan kasuwa na gari da za su gaya maka gaskiya cewa wannan na gida ne, wannan na waje ne, ga kuɗin kowanne, na kuma haɗu da su daga baya. Amma mai saye ba shi da hanyar bambance su da sauran sai bayan kuɗinsa sun fita.

Akwai kuma batun la'ada, wanda ba a son faɗa. Da yawa daga cikin masu gyara suna da kasonsu a wajen mai shago a kan duk kayan da suka kawo mai saye. Ban ce duk wanda ya karɓa macuci ne ba, sana'ar tana da wuya, kuɗin aiki ba ya isar su. Amma mutumin da za a ba wani abu in ciniki ya faɗa, ba shi ne zai fi kowa tsananta bincike ba. Baba ba ya raka kowa kasuwa. Ya ce in ka sayo ka kawo masa, zai gwada a gabanka, in bai yi ba ka mayar tun ba a ɗaura ba.

Daga injina biyu ya haɗa mana ɗaya. Ya koma kan gangar motar ta asali, wadda lambarta ke cikin takardu, ya auna silindojinta ya ce da sauransu. Aka kai karanshaf wajen masu tona aka rage shi zuwa mataki na farko, aka sa metal daidai da shi, aka sa sabbin ringi. Top ɗin injin na biyu ya ce mai yiwuwa ya yi, amma ba zai ɗaura ba sai ya gwada. Ya toshe ramukan ruwansa da faranti da roba, ya hura masa iska da famfo, ya nutsa shi cikin rabin duro na ruwan zafi, muka tsaya muna kallo ko kumfa zai taso. Bai taso ba. Gwajin nan bai ci kuɗin kirki ba, kuma da an yi wa top ɗin da muka saya a shago shi da duk wannan labari bai faru ba. Ya mayar masa da kamshaf ɗin namu. Ya hana a sa famfon mai, famfon ruwa, taimin bel ko gaskit na hannu, ya ce waɗannan ba a gadonsu. Sababbin ma ya gargaɗe ni a kansu, don jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau, ya faɗa mini inda zan je da alamar da zan duba. Ya mayar da tamostat, ya gyara wayar fanka ta koma tashi da kanta.

Motar ta koma hanya bayan an ɗauke ruwan sama. Kusan duk daminar a gareji ta yi ta. A tsawon wannan lokaci babu balas, kuma gidan Yaya da balas yake ci. Babbar 'yarsa, wadda ta samu gurbin karatun aikin jinya, ba ta tafi ba a shekarar, don kuɗin rajistarta suna cikin injin da aka yi wa fenti. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ta ce, "Baffa, ba komai, wata shekarar ma shekara ce." Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Direban ma ya koma acaɓa da babur ɗin aro don ya ciyar da iyalinsa, ya kuma dawo mana da aka gama gyara, abin da ba kowa zai yi ba.

Dillalin da ya turo injin ya daina ɗaukar wayata tun tuni. Abin da ya rage na injin, gangar da sauran tarkace, masu saye sun zo har gareji suna tayawa da kuɗi mai ɗan kauri, na kuma san abin da za su yi da shi. Na shawarci Adda, ta ce kada a sayar wa kowa a matsayin injin. Baba ya sa yaransa suka fasa gangar da guduma, aka auna ta a kilo aka sayar wa 'yan gwangwan.

Yanzu motar ba ta zuwa Bauchi. Mun mayar da ita gajeriyar hanya, Gombe zuwa Kumo da Billiri, inda in wani abu ya taso Baba zai iya tura yaro ya same ta. Balas ya ragu, amma yana shigowa. Na karanta wa dangi littafin lissafi gaba ɗaya, abin da ya shiga da abin da ya fita, aka kuma yanke cewa duk mako za a ware wani abu a ajiye. Ranar da injin nan ya sake neman a buɗe shi, ba za a sayi ko notu ɗaya na hannu ba. Za a sayar da motar a faɗa wa mai saye duk abin da ke jikinta, a haɗa da ajiyar a saya wa yaran fili. Adashin da na kwasa kafin lokacina kuwa ina kan biya, saura kaɗan in gama.